Zangarniya Biyu Daga Gonar Kaka Hasiya

Maraɗi, 9 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Zunnuraini, sarkin bakanikan Jibiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Bilki da yara. Mu nan lafiya lau. Inna ta ce a faɗa wa ɗan wanta ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da kanta tana faɗa da masu tattasai. Tunda an kashe muku layin waya, na ba Umaru direba wannan takarda. Ka ba shi ruwa ya sha, kada ka tsare shi da wa'azi.

Yaya Zunnu, zauna kafin ka karanta sauran. Ka san aikina a tashar binciken noma: muna duba abin da ke cikin ƙwayar gero. Shekaranjiya an aike ni ɗakin sanyi, inda ake ajiye tsofaffin iri a kwalabe. Na ɗauko wata kwalba, an cika ta tun 1976. A jikinta an rubuta sunan babana, a ƙasa kuma aka ƙara da cewa matarsa Hajara ce ta zo da irin daga Bugaje, daga gonar uwarta Hasiya.

Geron Kaka! Wallahi sai da na zauna a ƙasa cikin sanyin nan. Na je gida na tambayi Inna, ta ce ƙwarai, da aka kawo ta aure Kaka ta ƙulle mata iri a bakin zane, wasu ma'aikata suka zo suka roƙi kaɗan. Namu na gida ya ɓace tuni. Kai kaɗai ka riƙe naka.

Ga roƙona: ka aiko mini da ƙwaya talatin daga wanda kake shukawa. Ina so in ajiye su kusa da na kwalba in karanta su duka, in ga abin da shekara arba'in da biyar ta yi.

Taubashiyarka,
Mufida

Jibiya, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Mufida, jikar biri,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ki gaida Gwaggo Hajara, ki ce ta bar masu tattasai su huta. Ɗiyata Salmatu cikinta ya tsufa, muna jiran sauka a watan gobe ko na jibi.

Na karanta takardarki sau uku, a na uku gilashina ya yi hazo. Amma ki ji halin da ake ciki. Damina uku ke nan ban taka gonar Bugaje ba, kin san yadda hanyar ta zama. Abin da ya rage na geron Kaka zangarniya biyu ce, suna rataye a ɗakin Bilki. Makon jiya na jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, uku kacal suka tsira. Irin yana mutuwa a hannuna.

Duk da haka ga talatin ɗinki a kwalin ashana. Sai dai ba kyauta ba ce, sai kin amsa mini tambaya. An ce mini a labo ɗinku, wato ɗakin gwaje-gwajen nan, ake koyar da cewa halitta ta ƙera kanta, mutum kuma ɗan'uwan biri ne. To ni ma yanzu na yi karatu. Wani mai babbar mota ya sa mini laccar wani masani a waya, na saurare ta har na kusa haddacewa.

Na ɗaya, ya ce abin nan da kuke kira DNA rubutu ne mai harafi huɗu, kuma da za a buga na mutum ɗaya, sai ya cika ɗaki da littattafai. Kin taɓa tsintar takarda a hanya kika ce iska ce ta rubuta?

Na biyu kuma fagena ne, kada ki kawo mini wasa. Ya ce akwai ƙwayar cuta mai wutsiya, a gindin wutsiyar akwai inji mai juyawa, sassansa sun kai arba'in, in an cire ɗaya ya tsaya. Shekara talatin ina kwance injin babur. Cire filogi ki gani. Injin da babu rabinsa ba rabin gudu yake ba, kwanciya yake. To ta yaya zai taru kaɗan-kaɗan?

Na uku, kun ce kuskure wajen kwafar rubutun ne ke kawo sabon abu. Ni ban taɓa jefa sifana cikin inji da ka ya fito ya fi da kyau ba.

In kin kasa, ki ce kin kasa, ba zan faɗa wa kowa ba sai mutanen gareji.

Yayanki,
Zunnuraini

Maraɗi, 18 ga Nuwamba

Yaya Zunnu,

Gaisuwa da fatan Salmatu na samun sauƙin nauyi. Inna lafiya, ta ji ka ce mini jikar biri, ta ce to ka tuna kakarmu ɗaya.

Ka yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya sha kaina. Tambayoyinka na karanta wa abokan aikina, wani cikinsu ya ce a ɗauke ka aiki.

Ta ɗaya ba zan yi maka ƙarya ba: yadda rubutun farko ya soma, masana ba su gama ganowa ba, suna ta bincike. Ni kuwa ban taɓa leƙa madubin labo na ga abin da ya hana ni sallah ba. Sau da yawa ma daga kan madubin nake tashi in yi alwala da sanyin jiki. Aikina bai tambayar wa ya yi. Yana tambayar ta wace hanya abin ke gudana.

Ta biyu, ka manta na san garejinka? Injin ban-ruwan da ka haɗa wa masu lambu a bakin dam, ba injin babur ba ne da? Sarƙarsa ba ta keke ba ce? Kowane sashe yana wani aiki a wani wuri kafin ka haɗa su. Haka aka samu a wutsiyar nan: da yawa cikin sassanta suna da 'yan'uwa da ke wasu ayyuka dabam a jikin ƙwayoyin cuta. Rabin injin ba ya juya wutsiya, gaskiyarka, amma yana iya yin wani aikin.

Ta uku, yawancin kuskuren kwafi ko dai ba ya yin komai ko ya ɓata, nan ma ka yi gaskiya. Amma ka san shibra, mai kama da gero, da ta nuna sai ta zubar da ƙwayarta a ƙasa. Kakan gero na daji haka yake. Sauyi aka samu a rubutun, ƙwaya ta daina zuba, manoma suka ga alheri suka riƙe. Furar da ka sha yau daga nan ta fito.

Umaru na ta danna hon a waje. A gurguje: na karanta ƙwayoyinka, ko mataccen iri yana karantuwa. Yaya, geronka ba shi ne na kwalba ba. Ya sauya, kuma ba kaɗan ba. Bayani na tafe.

Mufida

Jibiya, 27 ga Nuwamba

Mufida,

Albishirinki. Salmatu ta sauka jiya da hantsi, mace, uwa da ɗiya lafiya. Suna ranar Alhamis. Ki faɗa wa Gwaggo, mun yi wa Kaka takwara.

Maganar injin ban-ruwa kuwa, na yi dariya har na zubar da shayi. Kin kama kanki da kanki! E, babur ne da. To wa ya mai da shi injin ban-ruwa? Na ajiye shi a rana ne ya haɗa kansa? Ni ne nan na kwana uku a kansa, har na ƙona yatsa. Ki sake shiri.

Amma ƙarshen takardarki ya tsaya mini a wuya, kuma zan faɗa miki kai tsaye: raina ya ɓaci. Tun rasuwar Kaka nake riƙe da irin nan. Ban taɓa haɗa shi da na kasuwa ba. Da aka zo ana raba na zamani a buhu, na ƙi karɓa, aka yi ta yi mini dariya a majalisa. Ranar da muka baro Bugaje, Bilki ta ɗauki tukwane, ni zangarniyar nan na sa cikin riga. Yau kuma injinki ya ce ba shi ba ne. Wato na gurɓata amana ban sani ba, na yi shekaru ina gadin abin banza.

To shi ke nan. Tunda na gaskiyar yana wurinku cikin sanyi, Allah ya ƙara masa lafiya. Na ce wa Bilki ta sauke biyun nan ta sussuke, a zuba cikin geron kunun suna. Ko ba komai takwarar Kaka ta shigo duniya da ƙanshinsu.

Zunnuraini

Maraɗi, 29 ga Nuwamba

Yaya Zunnu,

KADA A DAKA! Don girman Allah kada a daka!

Barka da arziki, Allah ya raya Hasiya ƙarama, Inna na ta guɗa. Amma ka saurare ni. Laifina ne, na rubuta a tsaye Umaru na hon. Ban ce ka gurɓata ba. Na duba, babu alamar irin kasuwa a cikinsa ko kaɗan. Geron Kaka ne tsantsa, jikan na kwalba ne kai tsaye.

Ga abin da na gani. Akwai wani wuri a rubutun da ke da hannu a lokacin da gero ke fid da kai. Iri biyu ne: mai saurin fitarwa da mai jinkiri. A ƙwaya talatin na kwalba, biyu ne kawai ke da na sauri. A naka, goma sha tara! Wato a shekarun nan geron ya koma mai saurin nuna, daidai da yadda damina ta gajarce mana. Abin da muke nema ke nan ido rufe domin manoman yankin nan. Na kwalba bai kai shi wannan saurin ba. A duniya kaf, biyun nan da ke ɗakin Yaya Bilki ne kaɗai.

Ka aiko su. Muna da wurin da za mu lallaɓa masu sauran rai su tsira, mu shuka da ban-ruwa cikin rani a ƙarƙashin raga, in dawo maka da iri kafin ruwan shuka.

Na kira layinka ya fi sau ashirin, na san a kashe yake, amma na kasa dainawa. Umaru ba zai taso ba sai jibi, don haka na ba wani yaron motarsu da ban sani ba. Ya Allah ka sa ta riga Alhamis.

Mufida

Jibiya, 19 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Mufida,

Sallama da gaisuwa. Mai jego da jaririya lafiya, yarinyar ta ɗauko hancin Gwaggo, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa.

Takardarki ta iso jiya. Jiya! Kwana goma sha shida bayan suna. Motar yaron da kika ba wa ce ta lalace a Ɗan Isa, takardar ta yi ta barci a aljihun gaba har sai da Umaru ya gan ta. Duk kwanakin nan ina cewa kin yi shiru ne don kin ga gaskiyarki ta fito, ina ta cika ina batsewa ni kaɗai.

Na karanta a gareji. Da na kai wurin goma sha tara, sai na ninke takardar na sa a aljihu. Na tuna na sha kunun sunan nan kofi biyu, har ina santi. Na bar babur ɗin mutane a kwance, na tafi gida ban ko wanke hannu ba. Na tarar da Bilki tana tankaɗe. Na ce, "Bilki, mun shanye gadon Kaka." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Wane gadon?" Na karanta mata. Ta karkaɗe zane ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin kayan aurenta, ta ɗaga atamfofi. Ga su nan kwance, duka biyun, a naɗe cikin ɗankwali.

Na ce, "Ba na ce ki sussuke ba?" Ta ce, "Ka ce. Shekara ashirin da shida ina jin abin da kake cewa in ranka ya ɓaci. Da duka nake yi, da yanzu ko ƙofa babu a gidan nan." Wai ashe geron kunun daga kasuwa ta auno. Ni kuma har ina gaya wa baƙi su ji ƙanshin Bugaje!

Mufida, na yi rawa a tsakar gida, da girmana, surukina na kallo.

Ga su nan na ba Umaru hannu da hannu, na ce in ya bari wani abu ya same su kada ya sake biyowa ta Jibiya. Ki yafe mini zafin kai.

Amma kada ki ɗauka na sauka daga kan bakana. Kin ce biyu cikin talatin na kwalba suna da na saurin. Ashe dama yana ciki! Ba sabon abu aka ƙirƙiro ba, wanda Mai halitta ya ajiye ne ya yawaita. An dawo mana da layi, amma kada ki kira ni kan wannan. A takarda ba kya iya katse ni.

Yayanki,
Zunnuraini

Maraɗi, 2 ga Yuni

Yaya Zunnu,

Gaisuwa ga kowa, musamman Yaya Bilki, wadda na sa sunanta a rahotona cikin waɗanda suka ceci aikin. Inna na azumin nafila, ta ce na godiya ne.

Ga ƙulli biyu. Mai farin zare jikokin zangarniyarka ne: ɗari da goma sha ɗaya suka tsira, kuma sun ba da iri mai kyau. Mai baƙin zare na kwalba ne, shi ma mun tashe shi. Ka shuka su rana ɗaya a filin bayan gareji, kowanne gefensa, ka ƙirga kwanaki da kanka tunda ba ka yarda da injina ba. In sun fid da kai ka rufe waɗanda za ka bari na iri da jakunkunan takarda da na haɗo, kada su gauraya.

Gaskiyarka, na saurin dama yana ciki. Ni na ce shi ma asalinsa sauyin kwafi ne da ya faru tun da daɗewa, kai ka ce ajiya ce. Ban ga abin da ya hana duka biyun zama gaskiya ba, amma na san ba za ka bar ni in huta ba.

Abu ɗaya ya hana ni sakat. A sauran garuruwan da muka auna, gero ya matsa wajen sauri, amma kaɗan. Naku ya yi tsalle. Gajartar damina kaɗai ba za ta yi haka ba. Na juya lissafin ta kowace fuska ban gano dalili ba. Na tambayi Inna, ta ce a zamaninta Kaka mafi tsawon zangarniya take ware wa iri, kamar kowa. Me ya faru a gonar nan bayan tafiyar Inna?

Mufida

Jibiya, 21 ga Agusta

Zuwa ga Mufida, jikar Hasiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa na sauka yadda ake so. Hasiya ƙarama ta fara rarrafe, ta riga ta cinye mini rabin littafin da nake ƙirga kwanaki.

Na shuka su rana ɗaya, bayan ruwan ashirin ga Yuni. Kullum da safe kafin in buɗe gareji sai na zagaya. Mai farin zare ya riga fid da kai da kwana goma sha ɗaya. Masu babura har sun gaji da ni, duk wanda ya kawo gyara sai na ja shi ya gani. Na yarda, gero ya sauya, idona ya gani. Maganar biri kuwa tana nan inda take, ki zo da Sallah mu ƙarasa, na tanadi sababbin tambayoyi huɗu.

Tambayarki na daɗe ban amsa ba, don sai da na ga kan farko ya fito sannan na gane. Ina ganinsa, hannuna ya tafi aljihu da kansa yana neman jan ƙyalle. Ke ba ki san wannan ba, Gwaggo ma ba ta sani ba.

Shekarar yunwar tamanin da huɗu ina da shekara goma sha biyu, babana ya rasu, ina hannun Kaka. Rumbu ya ƙare tun kafin gero ya yi ciki. Muka koma tafasa da ganye. Na kwanta ciwo, har ba na iya zuwa bakin ƙofa. Kullum Kaka sai ta shiga gona tana duba kara ɗaya-ɗaya, ko za ta samu wanda ya yi ƙwaya ta gasa mini tumu. Ranar da ta samu, guda uku ne a gonar duka. Ta gasa mini biyu, ta murza a tafin hannunta tana ba ni a baki. Na ce ta ci na ukun. Ta ce a'a, wannan ba na ci ba ne. Ta yage bakin jan zanenta ta ɗaura masa.

Tun daga shekarar, duk kan da ya riga fitowa sai ta ɗaura masa jan ƙyalle, ba mai taɓa shi, shi ne iri. Maƙwabta suna cewa tsohuwa ta rikice, tana barin dogaye tana ɗaukar gajeru. Ta ce ita dai yaron nan ba zai sake jiran tumu ba. Shekara ashirin da shida tana yi. Da ta rasu na ci gaba, don na ga tana yi, ban taɓa tunanin yana canza komai ba.

To ga dalilin tsallenki, Malama. Kin ce rubutu ne a cikin ƙwayar. Ni ban iya karanta shi ba, ke kika karanta mini, kuma ashe labarina ne a ciki. Na gode. Na faɗa da babbar murya: na gode.

Jiya na gasa tumun farko. Na ci a tsaye cikin gona ina hawaye kamar sakarai, Bilki na yi mini dariya, ita ma tana share ido da gefen mayafi. Ga naku nan Umaru zai kawo, biyu ne, ɗaya naki ɗaya na Gwaggo, ku ci da zafi-zafi kafin ya bushe.

Akwai kuma ƙulli na uku. Iri ne na bana daga kan da ya fara fita, da ɗan guntun jan zanen Kaka, cikin na ƙarshe da suka rage mini. Ki sa su kwalba ɗaya a ɗakin sanyinku. Na san ku da lamba kuke rubutawa a jiki, ki sa lambarki ban hana ba. Amma a ƙasa ki rubuta da Hausa, yadda duk wanda ya buɗe bayan shekara arba'in zai gane: Hasiya ta Bugaje ce ta zaɓa, don jikanta ya ci da wuri.

Yayanki,
Zunnuraini